Ranar da Na Rufe Kasuwar Garwa

Tun da na saita wayata ta riƙa tsinto min duk labarin da ke ɗauke da kalmar "Garoua", wato garinmu Garwa, na zama rediyon layinmu na 'yan atamfa. Ko gaisuwa ba na amsawa sai na gyara zaman tabarau.

Wata Talata da la'asar wayar ta yi ƙara. Da Faransanci aka rubuta cewa gobe kasuwar Garoua a rufe take, za a yi feshin magani. Akwai ɗigo uku bayan "Garoua" a ƙarshen layin, amma mutum irina ba ya ɓata lokacin buɗe labari. Na bi rumfa-rumfa ina sanarwa, har wajen mahauta.

Hajiya Dudu mai ƙosai ta ce, "Alhaji, ka tabbata? Kada in fasa jiƙa wake a banza."

Na ce, "Hajiya, labari sai ya biyo ta aljihuna kafin ya isa rediyo."

Laraba da hantsi ina kishingiɗe a gida, Sali mahauci ya kira ni ko sallama babu. Bai yi yanka ba, ga kasuwa ta cika maƙil, layinmu kaɗai ke kulle. Na buɗe labarin don in wanke kaina. Ashe abin da ɗigon nan suka ɓoye shi ne Garoua-Boulaï, wato Garwa-Bulayi, wani gari daban can gabas bakin iyaka, tafiyar yini guda a mota.

Har yau ba mai kirana da sunana. Ko hadari ne ya haɗo, sai Hajiya Dudu ta leƙo rumfata ta ce, "Alhaji Bulayi, duba mana wayar. Ruwan nan namu ne, ko na mutanenka?"