Rasuwar Mai-Tari, Injin Kwale-kwalen Mamuda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mamuda mai fito na bakin dam ɗin Kazaure yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya da suka riga kowa ji, rasuwar injin kwale-kwalensa da aka fi sani da Mai-Tari. Ya rasu ranar kasuwar da ta wuce, da rana tsaka, a tsakiyar ruwa, bayan doguwar jinyar da ta fi wahalar da mai shi.

Marigayin ya zo garin nan a 1977, lokacin da arzikin fetur ya sa kowa yake yi wa jakinsa kallon raini. An ce yana da ƙarfin doki goma sha biyar, ko da yake ba a taɓa ganin fiye da uku sun fito aiki rana ɗaya ba. Tun da aka ɗaura shi a gindin jirgi Mamuda ya jingine gorar tuƙi, ya daina amsa gaisuwar Daudu, abokin sana'arsa mai tuƙi da hannu. Cikin wata biyu duk masu ƙetarawa suka dawo wajensa, kuma su ne ya yi shekara shida yana tsoron kada su gudu.

Kowa ya shaida marigayin da sammako. Da sanyin safiya ja ɗaya ake yi wa igiyarsa, ya ce "fur-fur-furrr", ya kama hanya. Amma in jikinsa ya ɗau zafi aka kashe shi, to sai ya huce don kansa, ko da za a ja igiyar har kafaɗa ta goce. Iyakar amsarsa "tuf". In an matsa masa ya ce "tuf-tuf". Mai magana ɗaya ne, ba ya canjawa don ganin idon kowa.

Saboda haka Mamuda ya daina kashe shi a gaɓa. Sai ya rage wuta ya yi ta kewaye, masu sauka su yi tsalle, masu hawa su yi tsalle, akuya kuwa jefo ta ake yi. Tsofaffin da suka manta da gudu duk sun tuna. Mamuda ya ce tsarin zamani ne, haka ake yi a Ikko, kuma da yake babu wanda ya taɓa zuwa Ikko sai aka yarda.

Ba a yi ƙasa a gwiwa wajen magani ba. An gasa fulogi a garwashi an goge shi da toka. An yi masa rumfar tabarma. An lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zanen Tasalla, matar Mamuda, ba da saninta ba. An rataya masa laya. Wajen Silvanus bakanike ne kaɗai ba a kai shi ba, don Mamuda ya ce babu wanda ya san ɗa kamar ubansa.

Ranar ajali, Mamuda ya ɗauko Fatu mai tallan nono da matan rugarsu bakwai, da ƙoren nono da curin man shanu. A tsakiyar ruwa farfela ta naɗe tarun wani masunci, dole aka kashe inji. Aka warware taru, aka ja igiya. "Tuf." Rana ta take, man shanu ya fara narkewa. Fatu ta kira Mamuda Malam, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ta ce in man ya gama zama ruwa ya zuba wa injinsa, kuma daga yau babu ƙafar 'yar rugarsu da za ta ƙara taka jirginsa. Tsoro ya kama Mamuda, tsoro na gaske. Ya cire wa marigayin hula, ya ari ƙwarya, ya kwarara masa ruwan dam har sau uku, har ta baki. Ya ja igiya. Marigayin ya ce "ƙyas", ya ce "ssss", bai ƙara cewa komai ba.

Daudu ne ya zo da gorarsa ya jawo su gaɓa. Bai ce uffan ba sai sannu, amma sau biyar ya faɗe ta.

Da Silvanus ya duba gawar, sai ya tarar da 'yar kafar iskar da ke murfin tanki a liƙe da ƙaro. Mamuda ne ya liƙe ta tun wahalar mai ta farko, wai kada rana ta shanye masa fetur. Silvanus ya ce lafiyar injin lau, an dai shekara shida ana toshe masa hanci ne, sannan aka ba shi ruwa ya shaƙe. Garin neman gira aka rasa ido. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tayar da maganar ƙaro, mai makokin yana jin ta safe da yamma daga bakin Tasalla.

Marigayin ya bar tanki ɗaya, da igiyarsa ta huɗu, da matattun fulogi goma sha ɗaya a gwangwani, da kafaɗar Mamuda ta dama wadda ta fi ta hagu girma.

Za a yi masa wanka da kananzir a garejin Silvanus ranar Alhamis da hantsi, a sa shi a buhun gishiri, a kai shi makwancinsa a ƙarƙashin rumbu. Ba za a yi masa salla ba, shi ma bai taɓa bari an tsaya an yi ba. Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Mai son yin gaisuwa ya je gaɓa ya hau jirgin Daudu, zai ga mai makokin tsaye a baya, riƙe da gora. A gaishe shi a taƙaice, don sabon ɗauka ne, kuma maigidansa yana kallo.