Yadda Ake Zama Likitan Gidan Surukai da Lambar Takalmin Taya

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari surukanka za su riƙa kiranka Likita alhali ko allura ba ka iya riƙewa ba. Ni Elango shekara tara na yi ina cin wannan sarauta a birnin Coimbatore na ƙasar Indiya, don haka ba shaci-faɗi nake yi maka ba.

1. Nemi aikin da ba ya bayyanuwa

Wani a Amurka zai ɗaura takalmi mai taya ya je ya rungumi sandar fitila. Likitan can ya rubuta, takardar ta faɗo kwamfutarka a nan hawa na huɗu, kai kuma ka mai da tsautsayin bawan Allah lamba, don kamfanin inshora ya biya asibiti. Aikin ke nan. Amma ranar da kuka je neman aure aka tambaye ka sana'a, kada ka kuskura ka yi wannan bayani. Ce "Harkar asibitin Amurka," ka kurɓi kofi. Surukina Baba Arumugam da kansa ya ƙarasa: "Ashe likita ne." Ban ce e ba, ban ce a'a ba, shi ya sa na daɗe ina ganin kaina mai gaskiya.

2. Haddace tambayoyi uku

Tayoyin a jere suke layi ɗaya, ko biyu-biyu? Faɗuwa ya yi shi kaɗai, ko karo ya yi da wani abu? Zuwansa na farko ne, ko dawowa ya yi a duba shi? Harafi ɗaya ka kuskure, inshora ta dawo da takarda, Madam Kanimozhi mai binciken aikinmu ta zo ta tsaya maka a ƙeya.

"Elango, mutumin nan sau biyu ka karya masa hannu ɗaya. Me ya tsare maka?"

Ba sai ka taɓa sa takalmin ba kafin ka ƙware. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

3. Ci gajiyar sarauta, kada ka taɓa majinyaci

A gidan biki, inda a ganyen ayaba ake cin abinci, a naka za a fara zuba shinkafa. Maƙwabta za su kawo takardun gwajin jini; ɗaure fuska, jinjina kai, ce a rage gishiri. Matata Tamarai ta san komai, takan ce, "Baban Malar, ramin ƙarya ƙurarre ne fa." Ni kuma in ce ai ba ni na haƙa ba, babanta ne. Gaskiyar magana, girman nan ya fi mini albashi daɗi, kuma tsoron rasa shi ya sha hana ni sakewa.

4. Guji filin motsa jiki ranar Lahadi da safe

Nan tsofaffi ke tattaki, nan kuma yara ke gudu da takalmin taya. Ni ban guje ba. Baba ya ce, "Likita, zo mu taka," na bi shi. Ba mu yi zagaye ɗaya ba wata yarinya ta taho a guje, birki ya ƙi, ta kwashe shi. Ita ko ƙwarzane. Shi kuwa ya sauka a kan hannunsa na dama, na ji ƙas. Kafin ka ce kwabo jama'a sun yi da'ira, Baba kuma daga kwance yana cewa, "Ku ba shi hanya, surukina likita ne."

5. In ta ɓaci, yi abin da ka iya

Na durƙusa. Na laluba kaina, babu komai a ciki sai kayan ofis.

"Baba, tayoyin a jere suke ko biyu-biyu?"

Tsohon nan gumi na keto masa, ya daure ya juya wuya ya kalli ƙafar yarinyar, don ya yi imani maganin ne ya fara.

"Biyu-biyu ne, Likita."

"Wannan ne karo na farko?"

Sai wata tsohuwa mai sayar da furanni ta ture ni da gwiwar hannu. "Matsa can, ɗan nan. Jarrabawa kake yi masa?" Ta naɗe jarida ta tallafe hannun, ta ɗaure da zaren furenta, ta tsai da adaidaita. A cikin adaidaitar na tuna cewa tambayar jerin taya ta wanda ke sanye da takalmin ce in shi ya ji ciwo. Wanda aka buge yana tafe da ƙafa lambarsa ɗaya ce, ko tayoyin goma ne. Wato ko a nawa aikin ban ci ba.

6. Faɗi gaskiya, tunda ta riga ta faɗi kanta

Bayan an ɗaure hannun da filasta muka zauna a bencin asibiti. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Baba, ni ba likita ba ne. Lamba nake sa wa ciwo, a aika."

Ya ɗago ya dube ni.

"Wato rarrabawa kake, kowace takarda ta tafi akwatinta?"

"Haka ne, Baba."

"Shekara talatin ina wannan a gidan waya." Ya girgiza kai. "Shekara tara ina jin nauyin buɗe baki a gabanka, kada in yi shirme gaban mai ilimi. Da ka faɗa tun farko ai da mun sami abin hira. Tashi, Elango, nemo mana abin hawa."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin karaya, targaɗe ko zubewar mutunci da ka iya samun wanda ya bi shawararsa. In surukinka ya faɗi, nemi mai furanni. In kuma ka wayi gari ka tarar ka yi asarar shekara tara na hira da mutumin kirki, kada ka zo wurina, don na duba littafin lambobinmu kaf, wannan ciwon ba shi da lamba.