Ranar da Na Amsa Amin a Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na kusa jawo wa 'yar mutane asarar shekara guda, da ɗan yatsana ɗaya.

Lokacin ina kula da kwamfutoci a wata cibiyar rajistar jarrabawar shiga jami'a a Birnin Kudu. Injiniya ake ce mini (kwas na wata shida na yi a Kano, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba). Ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe rajista. A can ƙarshen layi akwai wani dattijo manomi, Malam Idi, da ya kawo 'yarsa Saratu tun daga Kwandiko ta Gwaram.

Da aka kira Azahar kowa ya watse. Na leƙa rauta, na'urar da ke raba mana intanet, sai ga saƙo wai an fitar da sabuwar manhaja. Lafiyarta ƙalau fa, ba abin da ta yi mini. Amma na ce ai ɗora mata sabuwar manhajar minti biyar ne, a dawo daga masallaci a ga sabis na gudu, a yaba mini. Har gargaɗi ta rubuto, kada a kashe wuta ana cikin aikin. Na danna.

Abin da na manta shi ne, duk lokacin salla Baba Maigadi yakan kashe janareta ya huta. Shekara biyu ina ganin yana yi! Aiki ya kai rabi, sai ɗif.

Aka tayar da janareta, rauta ta ƙi tashi, sai jar fitila take ƙifta mini. Na kashe, na kunna, har iska na hura mata. Hajiya mai cibiyar ta tsaya a kaina.

"Injiniya, me ya faru?"

"Daga can sama ne, wajen kamfanin sabis, Hajiya," na ce, ko kunya babu.

Ƙarfe uku ta gota, Saratu ta fara kuka. Na tono tsohuwar rauta a sito, na hau saita ta daga farko. Da ƙyar sabis ya dawo. Huɗu saura minti bakwai sunan Saratu ya shiga.

Malam Idi ya kama hannuna a gaban jama'a. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shi kuwa wanda ya ɓata injin nan, ko a ina yake, Allah ya isa tsakaninmu da shi!"

Kowa ya ce amin, aka zuba mini ido. Ni ma na ce amin, muryata kamar ta mai mura.

Kwana uku abinci ba ya wuce mini. Ranar Lahadi na hau acaɓa har Kwandiko, na durƙusa na faɗi gaskiya. Malam Idi ya yi dariya har da hawaye kafin ya yafe.

Tun daga nan, na'urar da jama'a ke kan amfani da ita ba na taɓa cikinta sai ranar hutu. Kuma kafin in amsa amin, sai na tabbatar ba da ni ake ba.