Hamma da Bindigar Allura

"...lahiya lau, angona. To ina zuwa da sassahe haka, da ɗana bisa kahwaɗa?"

Sabuwa ce ta ritsa kakanta Hamma a bakin kogin Kwara, yana shirin shiga kwalekwale da ɗanta Namadi, ɗan wata goma. Tun jiya da mai shela ya ce masu rigakafin ƙyanda da agana sun sauka Bagudo da wata bindigar allura, tsohon ya ƙudura tserewa da yaron zuwa Dahome. Lokaci kuwa ya ƙure, don motar masu rigakafin za ta wuce zuwa Kaoje da azahar. Amma ta san halin kayanta: faɗa ba ya tanƙwara shi, sai tsiya.

"Iska za mu sha, mummunar amarya."

"Iska hal Dahome? Kai da kac ce ka kashe dorina da mari, yau allura ta kore ka ƙasa?"

"Dorina biyu! Ta ukku haƙuri tab ba ni. Amma bindiga ga dantsen jinjiri? Ba da ni ba."

"Can ma suna nan. Da Faransanci za su harbe ka, ba ka san sadda za ka runtse ido ba."

"Ke, na sake ki, saki ukku!"

"Alhamdu lillahi, na huta da daka ma goro."

Sai Hamma ya yi ƙasa da murya. "Sabuwa, baƙon dauro ba a ruhe mai ƙohwa. Ko sunanai ba mu kira. In ya ji an tare shi, sai ya husata."

"Bara mun girmama shi, Kaka. Ba mu kira sunanai ba, ba mu yi ma ɗiyata Atika wanka ba, munka kulle ta ɗaki. Kai da hannunka kak kai ta kushewa."

Yaron na ta jan gemun tsohon. Tausayi ya kama Sabuwa, don ta gane tsoron wani rashin ne ya kawo shi bakin ruwa. Can Hamma ya sunkuya ya ɗaure kwalekwalen.

"To, ni za su hwara harbi. In ban mutu ba, su taɓa shi."

"In ko ka yi kuka, duk Bagudo sai ta ji."

Hamma ya kwashe da dariya, ya gyara wa yaron zama a kafaɗa, ya kama hanyar gari.

"In kin ji kuka, ki ce Namadi na yay yi."