Miyar da na yaba a Gubuchi

Zaman gwauro wahala ne, duk wanda ya ce maka akwai daɗi a ciki bai taɓa yi ba. A cikin wahalar kuma akwai wata rana a Gubuchi da ba zan manta ba, ko na so in manta Sale direba ba zai bari ba.

Tun da muka rabu da uwar 'ya'yana, 'ya'yan kuma duk mata ne suna gidajen mazansu, cikina ya koma hannun Allah da hannun mai shayi. Sana'ata rake, in saro a gonakin Kudan in kawo kasuwar Makarfi. Da rana babu laifi, ka ci awara ka kora da ruwa. Matsalar sai bayan magariba, lokacin da maƙwabta ke fito da kwanuka ƙofar gida a yi ciyayya. Kowa ya zo da kwanonsa, ni in zo da hannuna. Ba wanda ya taɓa ce mini komai (sai dai in lomata ta yi girma, ka ji wani ya yi tari). Da na gaji da jin tarin, sai na daina fita.

A wannan zaman ɗakin ne na kai wayata wurin mai tura fim, na ce ya sa mini na yaƙi. Ya ce ya sa. Na dawo na kunna, babu wuƙar da na gani sai ta yankan albasa. Fim ne na mutanen Koriya mai dogon zango, an juya shi da Hausa. Labarin gwauraye ne, maza da mata, kowa da ɗakinsa a wani dogon bene, ba aure, ba noma, ba zuwa jana'iza, aikinsu ci. A cika musu tebur da ƙananan kwanuka, su ci, su lumshe ido, su kaɗa kai kamar an yi musu albishir. Suna kuma shan wani abu a koriyar kwalba, mai fassara ya ce lemo ne. (Ni dai ban taɓa ganin lemon da zai sa magidanci ya rungumi falwaya yana kuka ba, amma ba ni na yi karatu ba.)

Da farko tsaki na yi. Daga baya sai ga ni ina tauna busasshen burodi ina kallon ƙattai suna gasa nama, har ina ba su shawarar su juya kada ya ƙone. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a fim ɗin nan in namiji ya ci girkin mace ya yaba da ƙarfi, ya ɗaga kwano ya shanye romon, sai a nuno ta a gefe tana murmushi, a sako kiɗa mai sanyi. Shi ke nan, magana ta ƙare, ta kamu. Na ce ashe haka abin yake da sauƙi, mu muna nan muna wahalar da kanmu da sayen atamfa.

A lokacin ina neman Talatu, wata bazawara daga Gubuchi da ke kawo daddawa kasuwa. Mun daidaita da ita. Ta ce mini, "Ni ba yarinya ba ce da za ka yi ta zarya. Ka je ka gaida Baba. In ya ce to, to. In ya ce a'a, kada ka ƙara tsayawa a gaban farantina." Ta kuma faɗa mini tsohon ya taɓa korar wani manemi don kawai ya cika surutu. Na ce ai ni ba na magana.

Na sa babbar riga, na ɗauki goro da damin rake, Sale ya raka ni a motarsa. Muka sami mahaifinta, Malam Audu, a zaure, tsoho ne siriri mai ciwon ƙafa. Muka tsugunna muka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi kasuwa, aka tambayi ruwa, aka sake tambayar gida. Sale ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsoho ya ce, "Madalla. Ku sha ruwa tukuna."

Sai aka turo kwanuka daga cikin gida. Tuwon dawa, miyar kuka, man shanu yana yawo a kai.

To, ko wanda aka yaye jiya ya san ba a cin abinci a gidan surukai. Ka taɓa, ka ce alhamdulillahi, ka rufe, ka ture. In ma yunwa za ta kashe ka, ka bari ta kashe ka a hanya. Ni ma na sani. Sale ya gutsiri kaɗan ya janye hannu kamar tuwon ya cije shi. Tsoho ya kawar da kai yana jan carbi don ya ba mu wuri.

Ni kuwa sai na hango asabarin ƙofar shiga gida yana motsi, ga ƙafar mace a ƙasa. Na ce Talatu ce ta laɓe tana jiran ta ji. Ga ƙamshin miyar da rabona da irinta har na manta. Sai na naɗe hannun riga.

Na kai loma, na lumshe ido, na kaɗa kai. Na ce, "Sale, ka ji daddawar nan? Wannan ba ta sayarwa ba ce, wadda ake ɓoyewa ce a ƙuryar ɗaki." Sale ya mintsine ni a cinya. Na ƙara loma. Na ce, "Kukar nan a turmi aka daka ta, inji bai gan ta ba. Ka ga yadda take bin tuwo ba gardama?" Ya sake mintsinina, na ture hannunsa. Ban san lokacin da malmala ta bi malmala ba. Da tuwo ya ƙare na ɗaga kwanon miya da hannu biyu, kamar yadda na ga ana yi, na kafa kai na shanye, na dire, na yi wannan ƙarar ta maƙogwaro da suke yi bayan sun sha lemonsu. Carbin tsoho ya tsaya.

Da a nan na yi shiru, da da sauƙi. Amma ban ji kiɗa mai sanyi ba tukuna. Sai na ɗaga murya yadda za a ji a bayan asabari, na ce, "Baba, gaskiya ba a ɓoye ta. Matar da ta kaɗa miyar nan, ko yau aka ce a ɗaura, na shirya. Mace irin wannan zamanta a gidan nan asara ne. Gidana ya kamata ta koma."

Malam Audu ya dube ni, ya dubi kwanon, ya sake dubana. Ya ce, a hankali, "Talatu ta tafi biki Gazara tun da safe. Uwarta ce ta yi miyar." Ya ja carbi ɗaya. "Ita kuma, ka yi haƙuri, tana da miji. Ga shi zaune."

Daga bayan asabari wata tsohuwa ta fashe da dariya har da tari.

"Tuwon kuma," in ji shi, "namu ne mu uku."

Ban san yadda na fita ba. Na dai san sai da muka kusa Makarfi na lura takalmin ƙafata ta hagu ba nawa ba ne. Sale ya tsayar da mota a gefen titi ya kifa kai a sitiyari, yana ta dariya. Ya ce, "Mutumina, mun je neman 'ya, ka nemi uwa, ka cinye abincin uba, ka sato takalminsa. Saura me, akuya?" Na ce ya ja mota ko in sauka.

Abin da na koya shi ne, mutanen fim ɗin nan ba su da surukai a zaure, shi ya sa suke ci yadda suka ga dama. Kuma duk wanda aka nuno yana shanye romo, ka duba da kyau, har fim ya ƙare bai yi aure ba.

Washegari na tashi da azumin nafila, don in an turo kwano in sami abin faɗa. Na hau acaɓa ni kaɗai na koma Gubuchi da takalmin tsoho a leda. Na tsugunna tun daga bakin zaure, na ajiye masa, na ce, "Baba, na zo a yafe mini. Azumi ma nake yi."

Ya ce, "Allah ya taimake mu." Ya gwada takalmin, ya ga nasa ne. "Uwar Talatu ta ce a ba ka 'yarta, wai tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa yabon miyarta ba. Ni ma na ba ka. Amma duk ranar da za ka zo gaishe ni, ka ci abinci a gida tukuna."

Na ce to, na karɓi nawa takalmin, na fita da baya.