Injiniya Tukur Ya Je Karɓo Lasin

Allah ya yi wa Hayin Banki baiwa da Injiniya Tukur, mutumin da ya naɗa kansa injiniya wata ranar Laraba ba tare da ya wahalar da kowace makaranta ba. Testar gwada wutar lantarki guda uku yake jerawa a aljihun gaba kamar lambobin yabon soja, shi ya sa 'yan unguwa ke ce masa Na-Testa. Aikinsa kuwa ba ya ɓuya. Gidan da ya yi wa wayarin, in ka kunna fitilar zaure, fankar ɗaka ce ke amsawa. Ya ce salon Jamus ne.

A shekarar 1988 Hajiya Kaltume ta gama ginin shaguna goma sha biyu a Kawo, ta ce sai mai lasin gwamnati zai sa mata wuta. Tukur ya yi murmushin manya.

"Hajiya, lasin ai takarda ce. Ni wuta ta san ni, na san ta. Amma tunda kina so, zan je in karɓo."

Maƙwabcinsa Bitrus, mai gyaran wuta a wata masaƙa, shi ma ya yanki fom ɗin jarrabawar. Wata biyu, kullum ya taso aiki yana gindin mangwaro da tsohon littafi, yana zana waya a bayan kwalin sukari. Ya ce wa Tukur su riƙa bita tare.

"Baban Esther, kada za a koya wa iyo? Yi karatunka. In ka kakare, ƙofata a buɗe take."

Shi ma fa Injiniya ya yi shiri. Ya ɗinka shuɗiyar rigar aiki, ya sa mai fenti ya ƙara "Mai Lasin Gwamnati" a allon shagonsa, ya sayi testa ta huɗu. Sai dai fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Ranar jarrabawa, tambayar farko ta ce a bayyana dokar Om ta lissafin lantarki. Tukur ya rubuta cewa shi dai bai ji an karanta wannan doka a rediyo ba. Sauran tambayoyin ya bar su, don kada ya kunyata wanda ya tsara su.

Aka zo gwajin hannu: allon katako, ƙwan fitila ɗaya, makunni biyu. Ya fere waya da haƙori, ya naɗe da salatif, ya riga kowa gamawa. Mai duba aikin, wani dattijo mai tabarau, ya daɗe yana kallon allon.

"Ina wayar at, wadda ke kai wuta ƙasa in an sami matsala?"

"Ranka ya daɗe, at ta matsorata ce."

Dattijo ya ja baya taku uku, ya ce bismilla, kunna.

Aka ji tas, shuɗin tartsatsi ya tashi, fankokin zauren jarrabawar duka suka tsaya. Mutum arba'in suka yi awa guda suna fifita da takardunsu. Injiniya ya shafa rabin gashin bakin da ya rage masa, ya ce wutar wurin ce ba ta da tarbiyya.

Da sakamako ya fito, ya bi sunaye daga sama har ƙasa, ya ɗaga takardar ya leƙa bayanta. Bitrus ne na uku, shi Hajiya ta ba shagunan. Tukur ya bayyana wa teburin mai shayi cewa hassada ce, manyan ma'aikata na tsoron ya ƙwace musu kujera.

Ran nan ya yi ɗan gyaran wuta a gidansa ya fita, sai zazzaɓi ya koro shi gida da hantsi. Yana shiga zaure ya tarar da Bitrus bisa benci, hannunsa cikin akwatin fis na wutar gidan.

"Wa ya ba ka izinin taɓa aikin injiniya?"

Bitrus ya zare hannunsa daga akwatin. Matar Tukur, Ramatu, ce ta amsa daga bayan ƙyaure.

"Yi haƙuri, Maigida. Shekara shida ke nan, duk ranar da ka yi mana gyara ka fita, sai in aika a kira Baban Esther kafin gidan ya kama. Yau ne dai ka dawo da wuri."