Ranar da Na Ƙi Kujerar da Na Yanka wa Rago

Komai tsufa ya ɗauke mini, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na koya wa mutanen unguwarmu darasi, suka haddace shi, suka fara gwada shi a kaina.

Lokacin an gama yaƙin Turawa, murar nan mai kisa ta wuce, amma kasuwar goro a Zangon Kumasi ta kwanta. Ni fatoma ne, fatake nake saukewa a gidana in nema musu goro, kuma ɗakunan baƙina sun koma wurin kwanan kaji. Sai Sarkin Zango ya ce kowace unguwa ta zaɓi mutum ɗaya da zai zauna tare da shi, a duba yadda za a tayar da kasuwa: rumfuna, masaukin jakuna, da hanyar kai goro tashar jirgin ƙasa. A da sai dai a naɗa mana. Wannan karon mu za mu zaɓa.

Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, domin na daɗe ina jin haushin taronmu. A zauna, kowa ya ce "duk yadda manya suka gani," a shafa fatiha, sannan a koma zaure ana gunaguni. Saboda haka na naɗa kaina malamin wayar da kai (ba wanda ya roƙe ni, in faɗi gaskiya). Bayan kowace la'asar ina ƙofar masallaci, ina tare Bahaushe da Bamoshe da Bawangare.

"Kara ce ta kashe mu," nake ce musu. "A sabon tsarin nan, abin da mutum ya faɗa shi za a kama. In ya ce i, i ne. In ya ce a'a, kada wanda ya tsaya lallashinsa."

Har mutane suka fara sauya hanya in sun hango ni. Amma suna ji, ashe.

To, kujerar nan ina sonta, so mai tsanani. Na shirya da abokina Sule cewa shi zai ambaci sunana. Na sa aka ɗinka mini sabuwar riga, na sayi rago, na kuma gaya wa wani maroƙi ya jira a ƙofar wurin taron da kalangunsa, da ya ji an shafa fatiha ya soma. Mai ɗakina ta dube ni tana tsince wake, ta ce, "Malam, a bar ragon nan da ransa har ka dawo mana." Na ce mata ita ba ta san harkar jama'a ba. Aka yanka.

Ranar taro zauren liman ya cika har waje. Wani dattijon Bawangare da muke kira Baba Sidiki shi ya shugabanci zaman, mutum ne da ba ya dogon zance. Sule ya miƙe ya ambace ni, ya yaba ni har ni kaina na ji kunya kaɗan. Aka yi ta gyaɗa kai ko'ina. Wallahi kujerar nan ta zo hannuna.

Sai tarbiyya ta motsa. Ku da kuka tashi a gidajenmu kun sani, mutumin kirki ba ya cafke girma da zarar an miƙa masa. Sai ya ƙi, a roƙe shi, ya sake ƙi, a haɗa shi da Allah, sannan ya karɓa kamar an tilasta masa. Haka na ga ubana ya yi. Na sunkuyar da kai, na sassauta murya.

"Jama'a, ku yi mini afuwa. Ni ban isa ba. Akwai waɗanda suka fi ni, a ba su."

Na jira roƙo. Sule, Allah ya saka masa, ya buɗe baki: "Haba Malam, a daure…"

Baba Sidiki ya ɗaga masa hannu. "Sule, zauna. Ba shi ya koya mu ba? Mutum ya ce a'a, a'a ne." Ya juyo gare ni da fara'a. "Yoo, Malam, mun ji. Allah shi ba ka lada. Wane kuma?"

Aka ambaci Alhasan, wani Bamoshe mai fataucin shanu. Aka tambaye shi, ya ce, "Ina so, zan yi." Shi ke nan. Wani ma ya dafa kafaɗata yana yaba mini rashin kwaɗayi. Gumi na bin bayana cikin sabuwar riga, ni kuwa ina ta murmushi.

Liman ya ja addu'a, aka shafa fatiha. Sai kalangu ya tashi daga waje.

Na manta da maroƙin. Ya leƙo zauren yana wasa ni da sunana da na ubana, yana cewa ga wakilin unguwa, ga wanda aka zaɓa tun kafin a zauna, kowa ya nufi gidansa ga rago can a tukunya. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Na nemi takalmana a bakin ƙofa na rasa ɗaya.

Alhasan ne ya cece ni. Ya kama hannuna ya ce, "Malam ya dafa mana walima, mu je mu ci." Haka unguwa ta bi ni gida ta cinye ragona don murnar wani. Mai ɗakina kuwa ta zuba wa Alhasan cinya.

Kuma Alhasan ya yi aiki. Ya samo mana fili na sauke kaya, aka gyara rumfuna, fatake suka fara dawowa. Abin da ya fi faranta mini rai, taronmu ya sauya: mutane suna faɗin abin da ke ransu a gaban manya.

Ni ma na ɗauki darasina, har na wuce gona da iri. A taro na gaba, Baba Sidiki ya fara cewa, "Muna neman wanda zai shugabanci…" Ban bari ya ƙarasa ba, na miƙe na ce ina so, zan yi. Ya ce, "Yoo. Yashe kwatar bayan kasuwa."

Na yashe ta kuwa, har ruwa ya gudu. Tun daga nan ba na ƙin abin da nake so, amma ina bari a gama tambayar tukuna.